Maɓallin da Ya Ƙi Zama a Haƙorin Makka

Ranakun aiki da yawa sun wuce mini kamar ruwan gulbi, amma akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, wato Talatar da Alhaji Mande ya shigo asibitinmu yana murmushi har dasashi, yana kuma zagin duk wanda ya haɗa ido da shi. Tunda kun ce in ba ku labari kafin in ajiye aiki, wannan zan ba ku, musamman ku da kuka fara tsayawa kusa da kujerar likita kwanan nan. Kada ku ce na tona asirin mara lafiya. Shi da bakinsa ya ba ni izini, kuma za ku ji dalili.

Ni dai kun sani, ba likita ba ce, ba nas ba. Da shara na fara a wannan asibitin haƙori na Birnin Kebbi, sannan aka ba ni wanke kayan aiki da dafa su a tukunyar tururi. Daga baya aka matso da ni gefen kujera, ina riƙe mesar da ke zuƙe miyau, ina miƙa auduga, ina lallashin masu tsoro. Likitarmu a lokacin Dakta Ifeoma ce. Iyayenta daga kudu suka zo suna sayar da kayan gini, amma nan unguwar Badariya aka haife ta, Hausar bakinta kuwa in kana bayan labule sai ka rantse Bakabiya ce.

Ga wanda bai sani ba, aikin wayar haƙori haka yake. Ana manna wa kowane haƙori wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Likita biraket take ce masa, mu a ɗakin wanki maɓalli muke cewa. Sai a zura siririyar waya ta cikinsu, ta riƙa jan haƙoran a hankali har su hau layi. Duk aikin ya dogara ne ga gam ɗin da ke riƙe maɓallin, shi kuwa gam ɗin ba ya son santsi, ba ya son miyau, ba ya son maiƙo. Don haka sai an goge haƙorin, a shafa masa wani shuɗin magani mai tsami da zai ɗan karce fuskarsa yadda ido ba ya gani, a wanke, a busar, a shafa ruwan share fage, a sa gam, a ɗora maɓalli, sannan a haska masa tocila mai shuɗin haske ya daskare. Kamar yaɓen ɗaki ne, bangon da aka sassara shi ke riƙe siminti.

Wannan duk a kan haƙorin da Allah Ya halitta ne. In kuwa haƙorin na tangaran ne, ko ciko, ko ƙarfe, kowanne da irin lallashin da yake so. Shuɗin maganin ba ya cin ƙarfe ko kaɗan. Sai an fesa masa wani gari mai kama da rairayi ya kashe santsin. Kuma ruwan share fagen da ake shafa wa zinare daban, na sauran ƙarafa daban. Ku riƙe wannan, don nan labarin yake.

Alhaji Mande dillalin bandar kifi ne a Argungu, ya haura hamsin, mutum mai murya. Da damina ya fara zuwa, shi da matarsa Hajiya Balki. Ba yaro ba ne mai son ado, shi ya sa da ya ce waya yake so a sa masa, likita ta tambaye shi dalili. Ya wangale baki.

"Likita, duba nan. Mi kig gani?"

"Haƙora nig gani, Baba Alhaji."

"To shi ne abin da yak kawo ni. Haƙora kig gani. Ina haƙorin Makka?"

Muka leƙa. Yana nan a sama ta gefen dama, amma tun da turamensa na baya suka zube, sauran haƙoran suka yi ta matsowa, har wani maƙwabcinsa ya hau kansa ya rufe masa rabin fuska. Sai Alhaji ya karkata kai kamar zakara mai kallon shaho sannan ake ganin ƙyallinsa.

"Wani baƙo yaz zo daga Yawuri sayen kifi," in ji shi. "Tun safe har azahar Malam Mande yake ce min. Malam! Ina ta yi mai dariya, ina karkata baki, har wuyana yai ciwo. Bai gani ba."

Hajiya Balki ta ce, "Ya gani. Ya ɗauka ciwon shanyewar baki gare ka."

Likita ta auna, ta ɗauki hoto, ta ce aikin zai yiwu. Amma da ta zo ga bayanin haƙorin Makkan, ta ce sai ta fesa masa garin nan ya ɗan dushe a inda maɓalli zai zauna, sai Alhaji ya tashi zaune a kan kujera.

"Rairayi? Ga haƙorin da yas sha zamzam?"

"Ɗan wuri ne kaɗan, Baba. In an gama sai in goge shi shi koma yadda yake."

"A'a, ɗiyata. Ki rufe shi da maɓalli, na yi haƙuri. Amma ba a karce shi."

Ta tambaye shi ko zinare ne zalla. Ya ce zalla, wani Balarabe ya sa masa da hannunsa. Na lura Hajiya Balki ta duƙar da kai tana gyara ɗaurin jakarta wadda ba ta kwance ba, amma ban kawo komai ba. Likita ta gaya masa gaskiya, cewa ba tare da fesawa ba riƙon ba zai yi ƙarfi ba. Ya ce a gwada. Ta ɗauko ruwan share fagen zinare, muka yi aiki, maɓallai suka jeru reras, ya tafi yana duba bakinsa a madubin babur ɗin mutane.

Ba a yi nisa ba ya dawo da kwalin ashana. A ciki ga maɓallin nan a kan auduga kamar jariri. Ya ce a miyar kuka Hajiya ta tsince shi. Muka mayar. Bayan ɗan lokaci ya sake dawowa da kwalin ashanar. Wannan karon yana tsakiyar ciniki ne, ya ɗaga murya ya ce albarka, maɓallin ya subuce daga waya ya yi tsalle cikin kwandon kifi. Aka tsayar da ciniki, aka zazzage kwando a tabarma, mai saye da mai sayarwa duk suka durƙusa suna lalube, har aka same shi a kunnen tarwaɗa. Sai da na dafa shi sau biyu kafin ƙaurin ya fita, daga ƙarshe ma likita ta ce a jefar a ɗauko sabo.

Abin ya dami Dakta Ifeoma ƙwarai. Sauran maɓallan duk suna nan daram, duk da Alhaji bai bar cin goro da tauna ƙashin kifi ba kamar yadda aka hana shi. Wannan guda ɗaya ne kawai ke gudu. Ta canza gam, ta duba ko nata ya tsufa ne, ta buga wa malaminta waya a Sakkwato. Ni ma na tsargu ko miyau ne ke kuɓuce mini, don haka a mannawa ta uku na cika masa baki da auduga, na zuƙe shi tas, har harshensa ya manne a ganɗa. Da aka gama ya ce, "Inna Kulu, ko kifin banda bai bushe hakanga ba."

To, sai ranar Talatar.

Da hantsi ne. Hajiya Balki ta fara shigowa, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, idanunta jajir. Na ce kuka take. Ashe duka biyun take yi, kukan da dariyar.

"Inna Kulu, kawuna na Ambursa ya cika da asuba."

Na yi salati, na ce Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta.

"Amin," in ji ta. "Ga kuma wanga." Ta nuna ƙofa.

Alhaji ya shigo ya ja amawali har hanci, ga zafi. Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya sauke shi. Jama'a, leɓensa na sama ya naɗe ya manne a kan haƙorin Makka da na kusa da shi, dasashi duk a waje, fuskar kamar ta wanda aka yi wa albishir da amarya. Idanun kuwa wuta suke. Maɓallin da ake ta fama a kansa yana can a manne a gashin bakinsa, yana lilo duk lokacin da ya yi numfashi.

Ya fara magana, amma mutum ba ya iya magana sosai in leɓe ɗaya ya tafi hutu. Sai Hajiya ta zama tafinta.

"Cewa yai shi yaj ja ma kainai."

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya yi wani gurnani.

"Cewa yai da ya ji maganata da haka ba ta hwaru ba."

Ya buga ƙafa a ƙasa, yana murmushi.

Dakta Ifeoma ta dube shi, ta ce bari ta ɗauko auduga a sito, alhali ga auduga tuli a gabanta. Ta shiga ta rufe ƙofa. Mun ji kwalaye suna motsi na ɗan lokaci. Ta fito fuskarta a gyare, idanunta da ruwa.

Ga abin da ya faru, yadda Hajiya ta ba mu. Maɓallin ya sake faɗuwa, Alhaji ya rantse ba zai kuma zuwa Birnin Kebbi da kwalin ashana ba, don direbobin tasha har sun fara tambayarsa ko yau ma an tsinto. Mai gyaran rediyon da ke kusa da rumfarsa ya ba shi gam ɗin nan na ɗan bututu, sufa gulu, ya ce da shi ya manne murfin injin ban ruwa har yau bai motsa ba. Da safe Alhaji ya tsaya gaban madubi, ya ɗage leɓe da yatsa, ya matsa bututun. Bututun ya yi gardama. Ya ƙara matsawa, abin ya feso gaba ɗaya. Yana cikin neman inda maɓallin ya faɗa aka bugo wayar rasuwa. Kafin ya gama salati gam ya kama.

Maƙwabta suka ji kukan Hajiya suka taho yin gaisuwa, ya fito ya tarbe su da wannan fuskar. A mota wani fasinja ya leƙa ta ƙasan rawanin ya ce, "Alhaji, haihuwa anka yi?" Kuma kun san hanyar Argungu ta Ambursa take bi. Da suka zo daidai garin, ga mutane nan an fara shimfiɗa tabarmi, sai Alhaji ya duƙa ƙasan kujera kamar mai neman takalmi, bai ɗago ba sai da suka wuce.

Abin dariya ne, amma ba ƙaramin abu ba ne. Marigayin shi ya ba shi auren Hajiya Balki, shi ya tsaya masa lokacin da dangi ke cewa ba za su ba mai ƙarnin kifi ba. Jana'iza ta riga ta kuɓuce masa. In la'asar ta yi ba a gan shi zaune cikin maza yana karɓar gaisuwa ba, to magana ce da za ta bi shi har kabari. In kuma aka gan shi da wannan murmushin, gara ma bai je ba.

Likita ta ce ba a ja, in an ja fatar leɓen za ta yage. Sai ruwan ɗumi da mai da haƙuri. Ta ba ni aikin don ta san ba ni da gaggawa. Na jiƙa auduga, na ɗora, na jira, na ɗiga mai a gefe, na murza kaɗan da tsinken auduga, na sake jiƙawa, kamar yadda ake ɓamɓare ƙanzo ba a fasa tukunya ba. Ina yi ina masa magana irin wadda nake yi wa 'ya'yana in ƙaya ta shige su. "Sannu Alhaji. Saura kaɗan. Kai ne jarumi." Hawaye na zubo masa, yana murmushi. Can wajen azahar leɓen ya saki, ya faɗo a kumbure kamar ƙosai. Maɓallin kuwa sai da almakashi, ya tafi da rabin gashin bakin. Da Alhaji ya ga madubi ya ce a daidaita, aka daidaita, aka kuma daidaitawa, har babu sauran abin daidaitawa.

Maganarsa ta farko da baki ya dawo ita ce, "Balki, ba haka nic ce ba."

Sai likita ta zauna kankare busasshen gam ɗin daga kan haƙorin Makka. Tana cikin yi ta tsaya. Ta matso da fitila, ta ɗaga dasashin kaɗan da ƙarfe. Na leƙa ni ma. Akwai wani siririn layi kore a gindin haƙorin, naman wurin kuma ya yi ja. Ta ture fitilar gefe, ta sauke murya.

"Baba Alhaji, zinare ba shi yin kore."

"Na Makka na yi."

"Baba."

"Iskar gulbi ce."

Hajiya Balki ta miƙe ta gyara mayafi. "Alhaji, ka hwaɗa mata ko in hwaɗa? La'asar ba ta jiran kowa."

Ya dubi silin, ya dubi ƙofa, ya dube ni. Na juya ina jera almakasan da na riga na jera. Sannan ya fara, a hankali, kamar mai karanta wa kansa hukunci.

Ya je Makka, wannan gaskiya ne, kuma ya dawo da kwanson zinare a haƙorinsa. Amma bayan 'yan shekaru, wata rana a bakin gulbi, yana nuna wa masunta yadda ake tsinke igiyar komar kamun kifi da haƙori a zamaninsu. Igiyar ba ta tsinke ba. Kwanson ne ya fita, ya yi ƙyalli sau ɗaya a sama, ya faɗa ruwa. Babu wanda ya lura. Ya rufe baki ya ce mura ta kama shi, ya koma gida. Ya yi kwanaki da rawani a baki, har wani maƙerin farfaru ya ƙera masa irinsa da tagulla, ya rantse masa ba zai faɗa ba.

"Tagulla kuwa tana dushewa," in ji Hajiya. "Hwaɗa mata abin da kaka yi kullum da sahe."

Ashe kowace safiya sai ya dirje shi da toka da lemun tsami, sannan ya shafe shi da man shanu don ya yi sheƙi. Ko da aka sa maɓallin bai fasa ba, zagayensa yake bi da tsinke.

Dakta Ifeoma ta ajiye ƙarfen hannunta, ta dafe kai. "Baba! Ni ina can ina zargin gam ɗina, ina zargin hannuna, na tashi dattijo daga barcin rana a Sakkwato. Ina shafa ma tagulla maganin zinare, kai kuma kana bi da man shanu. Ko ƙuda yas sauka nan sai ya zame."

Ta ce masa kwanson sai ya fita a ranar, ba don maɓalli kaɗai ba, don tagullar tana cin dasashinsa. Nan Alhaji ya sake tashi zaune.

"In shiga cikin surukaina ba haƙori? Su ce mi?"

Hajiya Balki ta daina dariya. Ta dube shi ta ce, "Alhaji, kawu da kai nai yar raka ka hilin jirgi. Duk wanda ke zaune tabarmar can ya ci dabinon da kak kawo. Hajjin ga haƙori yake? To in ga haƙori yake, kifi ne Alhaji, don shi yah haɗiye shi."

Sai Alhaji ya kwanta, ya buɗe baki, ya ce a naɗe masa kwanson a takarda, kuma kada bango ma ya ji.

Da aka zare kwanson, haƙorinsa na asali yana nan a ƙasa, sai ɗan rami a gefe. Likita ta share ramin, ta cike shi da farin ciko, ta ɗan karce cikon, ta shafa wa haƙorin shuɗin magani, kowanne ta ba shi abin da yake so. Na riƙe mesa, ta ɗora sabon maɓalli, ta haska tocila. Wannan maɓallin bai ƙara motsi ba har ranar da aka cire wayar gaba ɗaya, kuma ranar ma sai da likita ta yi da gaske.

Sun isa Ambursa ana alwalar la'asar. Hajiya ce ta ba ni labarin daga baya. Alhaji ya zauna cikin maza, leɓe a kumbure, idanu jajir, gashin baki babu, bakin nan a rufe gam don kada a ga haƙorin. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya gyaɗa kai kawai. Dangi suka yi ta nuna wa juna shi. Wani tsoho ya ce shi bai taɓa ganin surukin da mutuwa ta daka kamar Mande ba, ko ɗan cikin marigayi bai yi haka ba. Har fura ta musamman aka aiko masa daga cikin gida.

Bayan an cire wayar, haƙora sun hau layi, Allah Ya ba shi iko ya je Umra, ya dawo da kwanson zinare na gaske. Likita da kanta ta duba ta ce wannan kam shi ne. Ba a jima ba sai ga shi ya shigo, ba ciwo ba komai, ya zauna a bencin jira yana huci.

"Inna Kulu, kin san mi mutanen kasuwa ka cewa? Wai wanga jabu ne. Wai na da ya hi ƙyalli. Wai an cuce ni a Makka."

Na ce Allah Ya kyauta.

"Ba da labarin," in ji shi. "Ki ba kowa. Ko an samu mai yarda wanga na yanzu shi ne na gaskiya."

To kun ji dalilin izinin.

Abin da na koya a wannan rana ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini amfani har yau. Gam bai san Alhaji ba, bai san Malam ba, abin da ya tarar a ƙarƙashinsa shi yake kamawa ko ya ƙi. In maɓalli ya faɗi sau ɗaya, ku duba hannunku. In ya yi ta faɗuwa a wuri guda, ku duba abin da kuke manna shi a kai. Mutanenmu kuma ba don mugunta suke ɓoye wa likita magana ba, kunya ce, kuma kunya ba a fizge ta, sai ruwan ɗumi da mai da haƙuri, kamar leɓen Alhaji. Don haka in dattijo ya hau kujerar nan ya rantse muku zinare ne zalla, ku ce to Baba, ku gyara masa matashi, sannan ku saci kallon matarsa. In kun ga tana gyara ɗaurin jakar da ba ta kwance ba, ku gaya wa likita ta dakata da gam.